Littattafan da Suka Zo Cikin Buhun Daddawa

Ni dai har yau ba na iya kwance ƙullin daddawa ban tuna da lissafi ba. Kowa in ya ji warinta miyar kuka yake tunawa, ni kuwa sai in ga wani ƙaton littafi mai shuɗin bango a buɗe a kan cinyar Yayana, ruwa yana dukan kwanon rufi, shi kuma ya zuba wa shafi ɗaya ido. Kwanan baya ma haka ta faru. 'Yata ta dawo daga lise, wato babbar sakandare, ta wurgar da jaka a kan kujera, ta ce darasin mekanik zai kashe ta. Ina tsaye a kicin da daddawa a hannu, sai Yayana ya faɗo mini a rai. Ku bari in gaya muku yadda daddawa ta haɗu da lissafi a gidanmu.

A nan Libreville aka haife mu duka, a wani gidan katako da ke bayan kasuwar Mont-Bouët. Tsakar gidan ɗaya muke raba ta da wata tsohuwa 'yar ƙasa mai dafa rogo a ganye, da wasu 'yan Mali masu ɗinki. Akwai bishiyar atanga a tsakiya, wadda in lokacinta ya yi muke gasa 'ya'yanta a kan gawayi har yatsunmu su yi maiƙo. Baba daga Kano ya zo tun yana saurayi, ya kafa shagon kwanuka da tukwane da bokitan roba. Faransancinsa bai wuce gaisuwa da ciniki ba, amma bai taɓa jin ya rasa komai ba. Yana sayar wa 'yan ƙasa, yana saro kaya a hannun Kwarori, duka da yatsu da lambobi. Kullum maganarsa ita ce lamba ba ta da yare.

Wani hali nasa da duk kasuwar ta sani shi ne ba ya iya ganin rubutacciyar takarda a ƙasa ya wuce. Ko ta Larabci ce ko ta Faransanci, ko guntun jarida ne da aka naɗe gyaɗa, sai ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe, ya soke ta a tsagar katako. A garin da ruwa ke zuba kusan duk shekara, wannan aiki ne ba ƙarami ba. Tafiyar da kowa zai yi cikin ɗan lokaci daga masallaci zuwa shago, Baba sai ya ninka ta, mu kuma muna biye muna cizon leɓe don kada dariya ta kuɓuce. Ya ce malaminsa na allo ne ya koya masa: ba ka san a wace takarda sunan Allah yake ba. A gidanmu ba a ɗora littafi a tabarma, ba a tsallake jakar makaranta. Na girma ina ganin wannan hali da kwarjini, kuma har yau ina ganinsa haka.

Yaya shi ne ɗan fari, kuma mutanenmu sun san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana son ya ci abinci, sai ta ce da ni, “Ki gaya wa wancan tuwo na hucewa,” alhali yana zaune a gabanta. Baba ma ba ya doguwar magana da shi. Gaisuwa ce, sai umarni, sai “to”. Mu ƙanana muna hawa cinyar Baba muna ja masa gemu, Yaya kuwa ko haɗa ido ba sa yi. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani. In Yaya ya yi zazzaɓi, Inna ba ta iya cin abinci, amma ko da wasa ba za ta taɓa goshinsa a gaban mutane ba.

Shi ne na farko a zuriyarmu da ya kai ajin ƙarshe na lise, kuma ɓangaren masu lissafi mai zurfi. Burinsa ya zama injiniya. Ranar Lahadi yakan ja ni mu je bakin teku, ya tsaya yana kallon injunan da ke ɗaga kaya daga cikin jirage, yana yi mini bayanin da ba na ganewa, ni kuwa hankalina na kan mai sayar da ƙanƙara. To amma Baba ya fara ciwon baya, shago kuma na bukatar namiji. Sai aka yi magana ɗaya, a gaban abokan Baba: Yaya zai zauna jarrabawar bak, wato ta kammala lise, sau ɗaya. In ya ci, ya wuce gaba da karatunsa, Baba zai lallaɓa. In bai ci ba, ya karɓi makullin shago. Babu maimaici.

Duk sauran darussa Yaya ba ya jin tsoronsu. Mekanik ne ya tsaya masa a wuya. Shi ne lissafin motsi da nauyi: a jingina tsani da bango a tambaye ka yaushe zai zame, a ɗora akwati a gangare, a rataya nauyi biyu a igiya ɗaya. Malaminsu ya ce masa ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, abin da ya rasa shi ne yawan gwaji. Ya ce ya nemi littafin da ya tara tambayoyin shekarun baya tare da amsoshinsu, ya yi ta yi har hannunsa ya saba.

Irin wannan littafi kuwa ba nisa yake ba. A bakin kasuwarmu akwai masu shimfiɗa tamfol a ƙasa su baza tsofaffin littattafan makaranta, in hadari ya taso su rufe da leda su danne da duwatsu. Wata Juma'a, farkon damina, muna dawowa daga masallaci, Yaya ya tsaya a gaban ɗaya daga cikinsu. Ya tsuguna ya ɗauko wani littafi da bangonsa ya naɗe, gefensa duk jan ƙasa. Ya miƙe da shi a hannu, kansa a sunkuye.

“Baba, wannan ne malaminmu ya ce.”

Baba ya dubi littafin, ya dubi tamfol ɗin, ya dubi ƙafafun mutanen da ke tsallake gefensa suna wucewa. Na ga ransa ya ɓaci, ba don Yaya ba.

“Ajiye,” in ji shi. “Littafin da aka baza a ƙasa kamar tumatir, wace albarka ta rage masa? Zan sa a kawo maka sabo daga gida.”

Yaya ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, “To, Baba.” Ya mayar da littafin inda ya ɗauko shi.

A wurin Baba, duk abin kirki daga gida yake zuwa. Yaji, kuka, kanwa, hula, maganin basir, har matan aure na samarin kasuwa. Akwai wani abokinsa Alhaji da ke zirga-zirga tsakanin Kano da nan, kaya su bi mota zuwa bakin teku, su hau jirgin ruwa, su iso lokacin da Allah ya nufa. Shi aka ba saƙo zuwa ga Baffanmu da ke Kano: a je babban kantin littattafai, a sayo wa yaro littafin lissafi na masu zurfin karatu, mai mekanik a ciki, sabo fil. Daga baya muka ji cewa Baffa da ya je cewa ya yi a ba shi wanda ya fi kowanne kauri, kuma don kada a ce ya yi rowa ya haɗo da na biyu.

Aka yi ta jira. Ruwa ya yi ta zuba, fumfuna ta kama takalmanmu, ɗan sauƙin ruwan da ake samu a ƙarshen shekara ya zo ya wuce. Duk jirgin da aka ce ya iso, Baba sai ya aika a tambayo. Sai da babbar damina ta kankama sannan kayan Alhaji suka sauka. Baffa, don gudun ruwan teku, ya naɗe littattafan a leda ya cusa su a tsakiyar buhun daddawar Inna. Ledar ta fashe a hanya. Ruwa bai taɓa su ba, amma kowane shafi ya sha wari har ƙashi.

A gaban shago Baba ya buɗe su, bayan la'asar, maƙwabta na tsaye. Ya goge bangon da hannun rigarsa, ya ɗaga babban yana jinjina nauyinsa, ya ce su dubi abin da ake kira littafi. Aka yi ta sa albarka. Ban taɓa ganin fuskarsa da irin wannan haske ba. Ya miƙa wa Yaya da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba.

Yaya ya buɗe. Ina tsaye kusa da shi, na ga idonsa ya bi layin farko, ya dawo, ya sake bi. Turanci ne daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya yi tunanin haka, daga Baba har Baffa har Alhaji. Su a saninsu boko boko ne, lissafi kuma lamba ce. Mu kuwa Turancin da ake koya mana a makaranta bai wuce na gaisuwa da 'yan gajerun labarai ba. Da wani sashen lissafi ne, da Yaya ya bi lambobin ya fita. Amma mekanik labari ne ake ba ka da kalmomi, kai ne za ka juya shi ya zama lamba. In ba ka ji labarin ba, ba ka da abin lissafawa.

Yaya ya rufe littafin, ya durƙusa har ƙasa. “Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma.”

Daga ranar, kullum bayan la'asar yana zaune a barandar gida da littafin a cinya. Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Ya aro wani ƙaramin ƙamus, amma kalmomin da yake nema rabinsu ba sa ciki, waɗanda ke ciki kuma ma'anarsu ta kasuwa ce. Ya kai wa wani Inyamuri mai sayar da kayan mota, mutumin kirki, ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi, sannan ya ce shi dai ya ga akwai tsani, akwai bango, sauran sai Allah. 'Yan ajinsu masu littafin Faransanci suna ba shi aro na yini guda, amma da jarrabawa ta matso kowa ya riƙe nasa. Akwai wani shafi mai hoton tsani a jingine da bango, da wani ɗan mutum a tsaye a kansa. Na ga wannan shafi a buɗe har na haddace hoton.

Inna ba ta iya karatu ba, amma tana da ido. Tana tankaɗe a gefe, ta lura shafin ba ya juyawa. Wata rana, ba tare da ta dube shi ba, ta ce da ni, “Wai masu littattafan nan na bakin kasuwa suna nan kuwa? Na ji an ce har na Faransanci suna da su.” Hannunka mai sanda ke nan, iyakar abin da kunya ta bar ta ta yi. Na san a shirye take ta kwance bakin zaninta. Yaya ya ce da ni, “Ki gaya wa Inna na Baba sun isa.” Su biyu suna zaune taku kaɗan tsakani, ni ce gadar, ni kuwa lokacin ko sallah ban gama iyawa ba. Da ya shigo da wancan littafi gidan, tamkar ya ce wa duk kasuwa kyautar ubansa ba ta da amfani. Baba kuwa duk wanda ya zo shago sai ya ba shi labarin littattafan da suka ƙetaro teku.

Ruwa ya ɗauke, garin ya yi wannan sanyi mai lumshi na rani, aka yi jarrabawa. Ranar da sakamako ya fito, Yaya ya dawo da azahar, ya wuce ɗaki. Kaɗan ya rage ya haye, kuma kowa ya san inda ya zame. Inna ta shiga kicin ta daɗe tana hura wutar da ta riga ta kama. Baba ya ce, “Allah bai nufa ba. An yi iya yi.” Da gaske yake faɗa, babu zargi a muryarsa. Washegari ya ajiye makullin shago a kan tabarmar Yaya.

Bayan 'yan kwanaki sai ga malamin nan nasu ya zo har shago, wani dogon mutum ɗan ƙasa, da laimarsa a hammata ko da rani. Na kawo wa Baba abinci ke nan. Maƙwabta suka matso, don ba kullum malamin lise ke shigowa layin masu kwanuka ba. Ya yi magana da Faransanci irin na masu ilimi, mai sauri, wanda Baba ba ya kamawa. Ya ce yaron nan haziƙi ne, zunubi ne a bar shi ya tsaya a nan. Ya ce ya ga littattafan da aka sayo masa, ba su da wani amfani gare shi tunda ba ya jin yaren, ɓata masa lokaci kawai suka yi. A bar shi ya maimaita shekara ɗaya da littafin da ya dace, shi ya yi alkawarin zai ci.

Baba ya juya wajen Yaya, domin shi ne tafintansa a kowace harka. “Me ya ce?”

Yaya ya dubi ƙasa.

“Ya ce yana gaishe ka. Ya ce ya ga irin ƙoƙarin da ka yi a kaina, samun uba irinka sai an tona.”

Baba ya yi murmushi, ya kama hannun malamin da hannu biyu, ya zaɓo tukunya mafi kyau a shagon ya ba shi kyauta. Malamin ya tsaya da tukunya a hannu yana duban Yaya, yana jiran amsa. Yaya ya ce masa da Faransanci mahaifinsa ya gode, amma magana ta riga ta ƙare. Mu yara da ke wurin duk mun ji me aka ce, manyan kuwa ba su ji ba, kuma a lokacin yaro ba ya tsoma baki a maganar manya. Na koma gida da kwanon abinci ina kuka, Inna ta tambaye ni, na ce tuntuɓe na yi.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, na gani sau da yawa. Amma akwai abin da yaro ke gani a gabansa ƙiri-ƙiri, babba bai gani ba, kuma ba a bar wa yaron ƙofar da zai faɗa ba. Wannan shi ke ci mini rai. Ba na jin haushin Baba. Mutum ne da ya so ɗansa, ya girmama ilimi fiye da masu ilimin da yawa, ya yi abin da ya san ya fi kyau. Da mutum ɗaya ya ce masa, “Yaron nan fa da Faransanci yake karatu,” na rantse da ƙafarsa zai taka har kantin littattafan cikin gari, ko za a yi masa kallon baƙauye. Duk gidan muna ƙaunar juna, aka rasa wanda zai furta.

Baba ya rasu yana ganin ƙaddara ce kawai. A ciwonsa na ƙarshe ya taɓa tambayar Yaya ko littattafan nan suna nan. Yaya ya ce suna nan. Baba ya ce a adana wa jikoki. Suna nan kuwa har yau, a kantar sama ta shagon, naɗe cikin farin ƙyalle. Yaya ya riƙe shagon da kyau, ya aurar da mu, ya kai Inna Makka. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ban kuma sake ganin ya je bakin teku kallon injuna ba.

To yanzu ga 'yata, ita ma 'yar fari, wadda nake kiran sunanta tun daga kicin har maƙwabta su ji. Ta tsaya a gaban ubanta ta ce, “Papa, ni fa ban gane komai ba, kuma littafin da ka sayo mini bai yi ba.” Ya yi dariya ya ce to a nemo wani. Shi ke nan, magana ta ƙare, sama ba ta faɗo ba. Na shiga nema haiƙan. Na tambaya a zauren iyayen ajinsu na waya, aka turo mini bidiyoyi kala-kala, wani malami a wata ƙasa yana zana tsani a allo, ana iya tsayar da shi a maimaita sau nawa aka ga dama. Na samo wani ɗalibin jami'a a unguwar Plaine Orety da zai riƙa zuwa ranar Asabar. Shi ne ya ce duk da haka a nemo mata littafin tsofaffin tambayoyi, na takarda, wanda za ta yi ta ɓatawa da fensir.

Muka hau taksi zuwa Mont-Bouët, muka biya ta shagon Yaya don in tambaye shi ko masu tamfol suna nan inda suke. Ya saurari bayanin yarinyar har ƙarshe. Sai ya miƙe, ya jawo ƙofar shago ya kulle, da rana tsaka, abin da ko ranar sunan 'ya'yansa bai yi ba. Ya shige gaba muna biye.

Suna nan, sai dai 'ya'yan na da ne ke zaune. Yaya ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, yana ɗaga littattafai ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro wani, ya busa ƙurar, ya goge bangon da hannun riga, daidai yadda Baba ke yi. Ya buɗe yana juya shafuka, sai ya tsaya. Na leƙa ta kafaɗarsa. Tsani ne a jingine da bango, da ɗan mutum a kai. Ya karanta tambayar da Faransanci a hankali, leɓensa na motsi, masu turin kaya suna ta yi mana ihu mu ba su hanya.

“Ashe abin da suke tambaya ke nan,” in ji shi. “Iya inda mutumin zai hau kafin tsanin ya zame.” Ya ɗora yatsa a kan hoton. “Ai da na iya.”

Yarinyar ta ce, “Kawu, me ka ce?”

Ya rufe littafin ya miƙa mata da hannu biyu. “Ba komai, uwata. In kin je gida kada ki ajiye shi a ƙasa. In kuma bai yi miki ba, ki zo ki gaya mini da bakinki.”

A taksi muna komawa, tana ta latsa waya, littafin a kan cinyarta, ba ta san me aka ba ta ba. Nakan yi faɗa cewa yaran yanzu ba su da kunya, bakinsu ya fi ƙarfinsu, kuma wani lokaci da gaskiyata. Amma ranar na dube ta na gode wa Allah da ya yi ta mai baki. Da daddare ban iya sa daddawa a miya ba. Na mayar da ƙullin cikin gwangwani na rufe, muka ci tuwon haka nan.